Ruwan Kogi a Cikin Mayafi

Tun da na dawo daga Kano ban sha jabana, gahawar nan tamu, cikin natsuwa ba. Da na hura garwashi sai mata su fara shigowa, wannan ta ce sannu da hanya ta zo yi, waccan ta ce aron turmi, alhali tambaya ce ta kawo su duka. Wai da gaske ne jirgi yana kai mutum Kano kafin kisira, wainar nan tamu ta ƙullun dawa, ta huce? Wai mutanen can suna gane Hausarmu? Na gaji da maimaitawa, ga shi labarin ya fara canza kama a bakin wasu, don jiya na ji an ce wai an kama ni da kayan tsafi a filin jirgi. To ga yadda aka yi daga bakina, wadda ta ƙara gishiri ita da Allah.

Saudatu ce autata. Mijinta Kabiru ɗan Kano ne da ya zo karatu garin Madani a nan Sudan, ya gan ta a gidan yayarta, ya liƙe. Na ce ba zan ba da 'yata ƙasar da kakanninmu suka baro da ƙafa ba, suka yi ta noma da haihuwa a hanya kafin su iso bakin kogin nan. Sai ya zaro waya ya nuna min taswira, ga Khartoum ga Kano, an ja musu layi miƙe sak kamar igiyar shanya.

"Inna, in kin hau da hantsi, a gidanmu za ki yi la'asar," in ji shi, yana murmushi.

Ni mutumin da ke murmushi yana ba ni lissafi ba na sakin jiki da shi. Amma yarinya tana so, aka ɗaura. Daga baya yaƙin nan ya zo, suka koma Kano da zama gaba ɗaya, filin jirgin Khartoum ɗin da ya auna min nisa daga shi ma aka rufe.

Da damina ta haihu, namiji. Suna ya wuce ban je ba. Abin da ya fara hana ni sukuni shi ne, duk sanda na kira wayarta shi ne ke ɗauka. Tana barci, tana wanka, tana shayarwa. In ya ba ta kuwa, muryarta can ƙasa kamar wadda ake tsaye a kanta. Ran nan ta faɗi magana ɗaya tak kafin layin ya yanke.

"Yumma, nan babu bahar."

Bahar kogi ke nan a bakinmu. Wanda ba ɗan bakin kogi ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A wajenmu, ranar da mai jego ta cika arba'in, mata sukan raka ta bakin ruwa da safe, a wanke mata fuska, a wanke wa jaririn, sannan ta koma harkar duniya. Malaman yanzu suna cewa ba addini ba ne. Ni ma ban ce addini ba ne. Uwata ta yi min, na yi wa yayyen Saudatu duka, ita kaɗai ce za ta yi arba'in babu ruwan kogi a fuskarta. Nan take na ƙudura abu biyu: zan kai mata ruwan, kuma zan je in ga da idona abin da ake ɓoye min.

Na wanke wata robar man gyaɗa har ta daina ƙamshin komai, na sauka bakin kogi na cika ta. Lokacin cika ne, ruwan ja wur da laka. Zancen ruwan ban gaya wa kowa ba sai ƙanena Idrisu, wanda zai raka ni Bur Sudan, inda jiragen suka koma tashi. Kabiru kam ban ko soma gaya masa ba. Wandonsa bai kai idon sawu ba, na san irinsu, kafin ka rufe baki sun ce bidi'a.

Daga Sinja muka hau hafila, irin ƙananan bas ɗin nan da ake cusa mutum bakwai a kujerar huɗu. Abin da ya fara ɗaure min kai, Kano tana yamma, mu kuwa gabas muka nufa, daga baya muka miƙe arewa. Na ce wa Idrisu anya ba sayar da mu za a yi ba? Ya ce in yi shiru mutane na ji.

A shingen farko wani soja ya ɗaga robar yana kallon lakar da ta kwanta a ƙasa.

"Mene ne wannan, ya hajja?"

"Ruwa."

"To sha in gani."

Na kurɓa. A shinge na gaba ma haka, na gabansa ma haka. Kafin mu kai Gadarif ruwan ya sauka daga wuyan robar. Daga nan na naɗe ta cikin zane na ɗaura a ƙugu ta ƙarƙashin tob ɗina, wato lulluɓin da muke yafawa, na zama kamar mai tsohon ciki. Wani sojan ma har sannu ya yi min.

Abin kunyar da ya same ni tsakanin Gadarif da Kasala shi ne wanda har yanzu in na tuna nake jin zafi a fuska. Hafila ta lalace a fili, rana ta take, ruwan kowa ya ƙare. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, wadda ta ga robar tun farko, ta miƙo hannu ta ce in ɗan sam mata. Kun san a ƙasar nan ana iya hana mutum komai ban da ruwa. Na ce ba na sha ba ne. Ta ce ai ta ga ina sha a gaban sojoji. Duk motar ta juyo tana kallona. Idrisu ya sunkuyar da kai kamar bai taɓa ganina ba. Allah ya kawo wata babbar mota ta tsaya ta ba mu ruwa a jarka, amma har muka isa Kasala ba wanda ya ƙara miƙo min ko ƙwayar dabino.

A Kasala muka kwana, muka ci ful, wato dafaffen wake, da man riɗi, na sha jabana mai citta da ya fi namu yaji nesa ba kusa ba. Mazajen can suna yawo da takobi a kafaɗa, ga gashi tuli an soka masa tsinke, amma wanda ya ɗauki jakata zuwa tasha bai karɓi komai ba. Duk da haka sai da na buɗe na duba kayana.

Bur Sudan kuwa zafi ne mai ɗanko, ka yi wanka ka fito kamar an shafa maka ruwan sukari. Muka sauka a wata lokanda, gidan kwanan matafiya, mata a tsakar gida kan gadajen igiya, maza a waje. Ruwan garin ma a kan jaki ake sayarwa, ga gishiri-gishiri. Nan na haɗu da Maryama, Bahaushiya daga Rusairis, wadda ta daɗe tana jiran takardun fita neman magani, har ta zama malamar harkar jirgi ba ta taɓa hawa ba.

"Abin da duk kika sa cikin babbar jaka, ki yi mai bankwana," in ji ta. "Buɗewa sukai. Wata ma jakarta ta tahi Masar, ita tana Jidda."

Idrisu ya ce zancen banza ne, in sa robar cikin babbar jaka a naɗe da kaya. Na dube shi, na dubi Maryama. Shi bai taɓa wuce Kasala ba kafin wannan tafiya. Na bi ta Maryama.

A nan ne kuma mai duba tikitin da Kabiru ya turo ta waya ya gaya min babu jirgin da ke zuwa Kano kai tsaye. Sai an sauka Addis Ababa ta Habasha, a kwana, a sake hawa wani. Ashe layin nan miƙaƙƙe a cikin waya kaɗai yake. Na lissafa a raina na ga in komai ya tafi daidai, ana gobe arba'in zan isa.

Ranar tafiya Idrisu ya tsaya a ƙofa, don ba a barin mai rakiya ya wuce. Aka auna babbar jakata, na ga ta shige wani rami a kan bel, na yi mata addu'a. Sannan muka zo inda ake binciken kayan hannu. Wata ma'aikaciya, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Saudatu ba, ta zaro robar ta nuna min wata ƙatuwar garwa cike da kwalabe, har da zuma da turare.

"Mamnu'u, ya hajja. Ba a shiga jirgi da ruwa."

Na ce in sha ta gani? Ta ce ko na sha ba a shiga. Na ce to a dawo min da jakata in sa a ciki. Ta ce ta riga ta tafi. Na zauna a ƙasa daɓas, mutane suna tsallake ni. Abin da ya fara zuwa raina shi ne Kabiru. Ya sha hawa jirgi, ya san wannan doka sarai, bai faɗa min ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Yarinyar ta durƙusa ta tambaye ni da Larabci ko magani ne. Na ce ruwan arba'in ne, 'yata ta haihu a ƙasar da babu kogi. Ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Ni ma 'yar bakin ruwa ce. Ruwa a kwalba aka ce min in hana. Ba wanda ya ce min komai a kan jiƙaƙƙen tufafi."

Sai da na ƙare mata kallo, don na ɗauka tarko ne. Amma ba ni da wata hanya. Na ciro wani farin mayafi mai kauri daga jakar hannu, na girgiza robar har lakar ta tashi, na tsiyaya a hankali ina juya shi kada ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa. Ya sha iya shansa. Ragowar na shanye a gabanta, don ban ga dalilin da zai sa kogin garinmu ya ƙare a garwar shara ba. Na ƙulle mayafin a leda, ƙulli uku.

Hawan jirgi ba zan ce muku komai ba sai dai na runtse ido ina ta salati. Da na samu ƙarfin leƙa taga, sai na ga duwatsu da fili, wani na bayana yana cewa ga wajen Kasala can. Wato hanyar da na yi kwanaki ina cin ƙura a kanta, ina hana tsohuwa ruwa, jirgi ya mayar da ni ta samanta kafin in gama tauna burodin da suka raba. Naman cikin tiren ban taɓa shi ba, tun da ban ga wanda ya yanka ba.

Addis sanyi ne, ga yayyafi. Aka karɓe mana jawaz, wato fasfo, aka shiga da su wani ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofar ban matsa ba har aka dawo min da nawa, na buɗe na tabbatar hotona ne a ciki. Aka kwashe mu a bas zuwa masauki, aka haɗa ni ɗaki da wata 'yar kasuwar Kano, Hajiya Talatu, mai fataucin atamfa da mayafai. Mace ce mai fara'a da yawan magana, abin da ya sa na ƙara riƙe jakata. Da ta ji Hausata sai dariya.

"Ikon Allah! Hajiya, rabon da in ji irin wannan Hausa tun kakata ta wajen uba, Basakkwatar nan."

"Mu abin da munka taho da shi ke nan, ba mu canza ba," na ce mata.

Abincinsu wata kisira ce mai kauri da huji-huji, ta yi tsami kamar an manta ƙullun kwana uku, amma miyar da daɗi. Lokacinsu ma daban. Na tambayi wata ma'aikaciya yaushe bas zai zo da safe, ta faɗi wata sa'a, takardar hannuna ta faɗi wata. Na ce shi ke nan, so suke jirgi ya tafi ya bar mu. Hajiya Talatu ta ce a'a, su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'insu. Na ce ƙasar da ba a yarda da agogo ba, da me za a yarda?

Ta ga ina ta lallaɓa ledar, ta ce mene ne a ciki? Na ce wanki ne bai bushe ba.

Da asuba na tashi alwala. Abin da na fara gani shi ne mayafina, a shanye a bayan kujera, kusa da tagar da aka ɗan buɗe. Ledar tana ƙasa a yage. Salatin da na saka shi ya tashe ta.

"Wa ya taɓa min kaya?"

"Ni ce, Hajiya. Na ji yana warin laka, na ce kada ya yi miki funfuna kafin Kano. Ƙullin ne ya ƙi kwancewa."

Na faɗa mata maganganu, wasu da Hausa wasu da Larabci, na gode Allah da ba ta ji rabinsu ba. Na ce wa ya aiko ta? Ko ta san Kabiru? Da na huce na gaya mata ko ruwan mene ne, sai ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ƙwalla.

"Wayyo, da kin faɗa min! Bari mu ɗan yayyafa masa na famfo, ai duk ruwa ne."

Na ce kada ta kuskura. Na bi mayafin da tafin hannu kamar mai neman ƙaya. Gefunan sun bushe ƙayau, sai inda ya ninku a kan katakon kujerar ne da sauran laima. Na naɗe shi, laimar tana tsakiya, ta ba ni sabuwar leda daga kayanta. Tun daga nan ba ta bar ni na ɗauki jaka ba.

Jirgi na biyu shi ne mai tsawon. A bayan kowace kujera akwai ɗan allo da ke nuna jirgin a kan taswira, yana rarrafe kamar ƙwaro a bango, da rubutun nisan da ya rage. Na sa Hajiya Talatu tana karanta min. In ta ce saura kaza, in jira abin da nake ganin rabin yini ne, in sake tambaya, ta ce ɗan kaɗan ya ragu. Na fara zargin allon ma na kwantar da hankalin fasinja ne kawai. Ina ta zura yatsa cikin ledar, ta ce in daina buɗewa iska na shiga. Ko ban buɗe ba ina jin yadda busasshen ɓangaren yake shanye laimar.

Gaskiya ɗaya zan faɗa saboda Allah. In aka haɗa zaman da na yi a sama duka, bai fi daga hantsi zuwa la'asar da wani abin kirki ba. Hanyar zuwa ƙofar jirgin ce yaron nan bai auna min ba.

A Kano mai buga hatimi ya juya jawaz ɗin Sudan, ya ji na gaishe shi da Hausa, ya ce, "A'a, Mama, ashe gida kika dawo." Na ce gida na baro. Babbar jakata ta fito lafiya, ko ƙullin igiyar ba a taɓa ba, ina jiran ranar da zan sake ganin Maryama.

Kabiru ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ban amsa da kyau ba. A mota, ga cunkoso, ga 'yan kekunan hayan nan rawaya suna kutsawa ta ko'ina, na kasa haƙuri.

"Don mi ba ka hwaɗa min ba a shiga jirgi da ruwa ba?"

"Wane ruwa, Inna?"

Na tuna ban gaya masa ba. Na kau da kai na ce ya dai ƙara gudu.

Mahaifiyarsa, Hajiya Binta, ita ta tare ni a tsakar gida, doguwar mace mara yawan magana. Gidan yana ƙamshin kunun kanwa, ga ƙatuwar tukunya a murhu da ganyen darbejiya. Su da tafasasshen ruwa suke gasa mai jego safe da yamma, mu kuwa hayaƙin itace muke zaunar da ita a kai. Ban tsaya shan ruwan baƙunta ba, na ce a kai ni ɗakin.

Saudatu tana zaune a bakin gado, yaron yana barci a gefenta. Na kama hannayenta na ture hannun riga, na duba wuya, na duba baya, a gaban uwar mijin, ban ji kunya ba. Ba tabo ko ɗaya. Ta yi ƙiba ma, fatarta tana sheƙi. Idanun ne kawai ba nata ba, kamar fitilar da mai ya ƙare mata.

"Duba da kyau, Hajiya, haƙƙinki ne," in ji Hajiya Binta daga bakin ƙofa. "Wayar ma ni na ce ya riƙa ɗauka. Duk ranar da ta ji muryarki, yini take ba ta ci ba, ba ta magana, kukan ma ya ƙi fita. Na rasa yadda zan yi da ita."

Na ciro ledar na kwance, na warware mayafin ninki bayan ninki, duk a bushe. Sai can tsakiya na ji ɗan sanyi, bai fi faɗin tafin hannu ba. Ko an matse ba abin da zai ɗiga. Na gaya musu ko mene ne, na ce gobe ne arba'in, amma wannan ba zai kai gobe ba, kuma ba zai ishi fuska biyu ba. Na juya wajen jaririn, don a wajenmu ba a barin yaro. Sai Hajiya Binta ta riƙe min hannu.

"Ba wa uwar," ta ce. "Shi bai san abin da ya rasa ba tukuna."

Saudatu ta karɓa da hannu biyu ta kifa fuskarta a ciki. Ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja.

"Ruwan cika na, Yumma," ta ce daga cikin mayafin.

"Awo. Ya cika bana."

Sai kukan ya ɓalle, mai ƙarfi, irin wanda ake ji har waje. Kabiru ya taho da gudu, uwarsa ta tare shi a ƙofa ta ce ya bar ta. Da ta ɗago akwai ɗan jan laka a kumatunta, iyakar abin da ya iso Kano ke nan daga kogin namu. Ta ɗauki yaron ta manna fuskarta a tasa, ta daɗe a haka. Ni kuwa na juya baya ina kwance igiyar jaka, don ba a gaban surukai zan yi nawa kukan ba.